Mutuwar Kifi Mai Fukafukai

Ana kunna fitilun silima na miƙe, ina kaɗa sandata.

"Sun ci amanar littafin! A cikinsa kifi mai fukafukai bai mutu ba!"

Wani saurayi ya yi dariya. "Baba, ko barci ka yi? Ko ɗigo ba su canza ba."

A gida na sa jikata ta ɗauko tsohon littafin da yayata ta karanta mini ina yaro, ina kwance da ƙyanda. Ni karatuna bai taɓa kai ni ƙarshensa ba.

Jikata ta karanta a hankali. Kifin ya mutu.

Shekara sittin ina leƙen sama duk bayan ruwa, domin Yaya ta ce lokacin yake wucewa. Ga shi tana kabari, balle in tuhume ta.