Tiya Guda ta Gero

Ba wanda ya tari Muttaka a tashar Kaura Namoda, 'yan'uwa duk sun tafi Gusau ƙaddamar da Shari'a.

Shekara uku ya yi yana digiri na biyu, shi kaɗai a ɗakin gwaji yana binciken ƙwayoyin halittar gero, har ya samar da irin da ciyawar wuta-wuta ba ta ci. Tiya guda ce tak, tana jakarsa.

A ƙauyensu Ɗan Isa uwarsa kaɗai ya tarar. Gajiya ta kwantar da shi. Da ya farka ta miƙo masa fura, ya shanye tas.

"Inna, ba kin ce wuta-wuta ta cinye gonar bana ba?"

"Ta cinye, ɗan nan. Tsarabar da ka kawo na daka maka."