Rumbuna Huɗu

"Baba, ta gyaru," na ce.

Kwana uku na yi ina fama da fayil ɗin tarihin burauza da ya lalace a kwamfutarmu. Baba bai yi boko ba. Layi ɗaya ya sani a tarihin, wanda in ya danna taswira ke nuna masa gidanmu na ƙauye daga sama. Tun da 'yan bindiga suka koro mu Kaura, kullum sai ya ƙirga rumbunansa huɗu.

Ya danna yana murmushi. Ashe masu taswirar sun sabunta hoton. Inda rumbunan suke, sai baƙin tabo huɗu.

Ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata," ya ce, "sake ɓata ta."