Sai Bugun Ya Tsaya

Uwar Biyu tana kan keken ɗinki faya ta fashe mata, ciki bai wuce wata huɗu ba. Mijinta direba ne, a motar aikinsa ya kwashe ta sai asibiti.

Likita ya duba, ya faɗa musu gaskiya: ruwa ya tsiyaye kaf, abin da ke cikin ba zai rayu ba ko me aka yi. Maganin kawai a cire shi kafin mahaifa ta kamu da cuta. Suka ce, to, a cire mana! Sai likitan ya hau sosa ƙeya. Wai zuciyar ɗan tayin na bugawa, doka kuma ta hana taɓa ciki sai ran uwa ya shiga haɗari. Shi fa ba zai tafi gidan yari a kan cikin wata ba.

Aka ba ta gado. Kullum da safe nas ta shafa mata mai a mara, ta ɗora na'urar jin bugun zuciyar ɗan tayin, ta ce, "Yana nan." Shi ke nan aikin ranar. Ku ji fa, jama'a: mace na narkewa a gabansu, su suna sauraren na'ura.

Rana ta uku zazzaɓi ya rufe ta, tana karkarwa har gadon na motsi. Mijin ya roƙa, ya yi faɗa, yayarta ta durƙusa wa likita a bakin ofis. Aka ce zazzaɓin bai kai yadda za a rubuta haɗari a takarda ba.

Uwar Biyu ta kamo rigar likitan ta ce, "Likita, da bakinka ka ce ba zai rayu ba. Ni kuma fa? 'Ya'yana suna gida."

Ya zare rigarsa, ya ce ta ƙara haƙuri.

Rana ta biyar bugun ya tsaya. Sai ga su da gudu, wannan na tura gado, wancan na neman jini. Ina! Cutar ta riga ta bi jini. Kafin azahar Uwar Biyu ta cika.

Da mijin ya tambayi abin da ya kashe masa mata, likitan ko kunya babu ya ce sun bi ƙa'ida.

Jama'a, dokar da ke sa likita ya jira mace ta kai bakin kabari kafin ya taimake ta ba ta ceci kowa ba. Ɗan bai rayu ba, uwar ma an rasa ta. Ran uwa rai ne, kada mu yi shiru a kansa.