Kwalin Shuɗaye

Da azahar motar kwasar kaya za ta iso, amma har hantsi Inna na zaune a tsakiyar ɗaki, ƙyallaye sun kewaye ta. Shekara talatin tana haɗa su tana ɗinka barguna, ba ta yarda kowa ya taɓa mata su.

'Yarta ta leƙo karo na huɗu, ta duba agogo, ta fita, ta sake dawowa.

"Inna, don Allah bari in zuba su a buhu. In mun je can kya ware."

"Ke da ko zare ba ki iya zurawa a allura ba? Kowane launi da kwalinsa. Miƙo min na shuɗaye."

Ta tura mata kwalin, ranta a dagule. Inna ta ɗauki ƙyalle, ta murza shi da yatsu, ta linke ta saka. Sai lokacin 'yar ta kalli cikin kwalin. Ja, kore, rawaya, duk an jera su tsaf.

Dama tana ta mamakin yadda Inna, duk taurin kanta, ta amince ta koma wurinta da zama ba musu. Ashe idon Inna ne ya fara dushewa.

Ta zauna kusa da ita, ta ɗauki ƙyalle ɗaya.

"Wannan kore ne, Inna."

Hannun Inna ya tsaya cak. Can ta ce a hankali, "To. Na gaba fa?"