Manomin da Ya Zuba Dalma a Mazubi Mai Sanyi

Zauna, Sallau, kafin ka ruga ka rattaba wa mutane maganar da ba ta nuna ba. Ni da kake gani ban taɓa ƙarya ba tunda uwata ta haife ni. Sai dai in labari ya zo da guntuwar riga, nakan ƙara masa yadi.

A wani gari can bayan gulbi, wanda ni ko hanyarsa ban sani ba, an yi wani manomi mai gonar rogo a bakin daji. Rumbunsa ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, rogon nan shi ne abincin yaransa har kaka. Ran nan da safe ya tarar gadu ya shiga ya tone kunya guda. Bawan Allah ya dawo gida zuciya na tafasa, ya sauko da tsohuwar bindigar ubansa, ya duba jaka, ba harsashi ko ɗaya. Ya hura gawayi, ya narka dalma a ludayin ƙarfe, ya jawo mazubin harsashi daga gindin randa inda ya kwana yana shan laima. Matarsa na gefe tana suyar waina. Ta ce, "Maigida, kara mazubin nan a wuta ya ɗumama mana. Ko tanda sai ta yi zafi ake zuba mata ƙullu." Ya ce gadu ba zai jira tanda ba.

Yana zubawa, dalma ta yi tsartuwa, fas! Ta dira a kan yatsan da yake jan kunamar bindiga. Abin da ya fito daga mazubin kuwa, Allah ya sawwaƙe, a yamutse, rabi da rabi, kamar kashin awaki da aka taka. Yatsa ya kumbura ya yi ruwa, ko lomar tuwo ba ta yankuwa. Haka ya zauna a zaure da hannu naɗe da tsumma, yana jin labarin gonarsa a bakin masu wucewa. Kafin ya warke, gadu ya gayyato dangi sun gama walima. Manomin nan ba rago ba ne, wallahi, tsoron yunwar yara ne ya hana shi jiran abin da bai kai tsawon alwala ba. Gadun kuwa na gan shi da idona, ya kai jaki, haƙoransa kamar lauje.

Me ka ce, Sallau? Wai ɗazu na ce ko hanyar garin ban sani ba? Kai, ɗan nema, ashe kana saurare! To ka gani, ni ma na yi saurin ƙara yadi, ga shi sai na zauna farke ɗinki. Dama Hausawa sun faɗa: sauri ya haifi nawa.