Awon Likkafani

Ni ne Mai Takunkumi, wanda hancinsa ke jiyo warin bam ta bayan katanga. Da gwamnati ta haramta rufe fuska, na ci gaba da farautar 'yan ƙungiyar Tsarkake Gari masu dasa bam da fuskata a buɗe.

Yau da hantsi na kai wa Baba Tanimu tela takunkumin, ya mayar mini hula.

"Ɗana," ya ce, bai ɗago ba, "jiya wasu samari masu ladabi suka kawo yadin likkafani. Awonka suka ba ni."

"Ɗinka musu, Baba. Na san za a rina."

"Biyu ne." Ya tsayar da keken. "Ɗayan gajere. Ni nake wa mahaifiyarka ɗinki, na san awonta."

Na shinshina yadin. Babu warin bam, turare kawai suka fesa masa.