Takalmin Wuya

"Mama, da kaka tana yarinya ƙafa ɗaya gare ta?"

Uwar ta tsaya gaban murhu da takalmin katako a hannu. A ƙasan akwatin mahaifiyarta ta tsinto shi, wari ɗaya da igiya a jiki, har ta yi niyyar sa shi a wuta.

"Rufe min baki. Amma Inna, wai na mene ne?"

Tsohuwar ta ajiye ragar kifin da take ɗinkewa. "Ƙafata biyu, ja'iri. Na wuya ne. A makarantunmu na nan gaɓar tekun Bretagne ta ƙasar Faransa, duk yaron da aka ji yana yaren gida maimakon Faransanci, shi ake rataya wa. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani yana yi. Wanda aka tashi daga makaranta yana wuyansa ya sha duka."

Uwar ta dubi yaron. Ita ce ta hana a koya wa ɗanta yaren, gudun kada a yi masa dariya a birni.

"To ya aka yi takalmin ya zo gida?" in ji yaron.

"Na ji ƙawata tana yi, na yi kamar ban ji ba. Na sha dukana, na sato shi a cikin riga. Wata guda malam yana nema."

Uwar ta goge takalmin da gefen rigarta, ta tura yaron gaban tsohuwar. "Koya masa yaren, fara da gaisuwa."

Kai mai karatu, kada ka kuskura ka ƙona kayan tsohuwa ba ka tambaye ta ba.